Doguwar Eriya a Kan Mota Ta Uku

Ƙarfe tara saura kwata na safe wayar teburin Insfekta ta yi ƙara. Ya ɗauka ya saurara, bai ce komai ba sai, "Kada a taɓa komai." Ya ajiye, ya jawo hularsa.

"Kofur, taso. Wutar lantarki ta kashe direban motar ɗaukar marasa lafiya a layin masu katako."

Kofur ta rufe fayil ɗin gabanta. Shekararta shida tana aiki a ƙarƙashinsa.

"Haɗari ne, Yallaɓai?"

"Haka suka ce. Mu je idonmu ya gane mana."

Layin masu katako matsattsen titi ne, duk ramuka. Motar na tsaye a tsakiyarsa, fara, da lamba uku a jikinta. Tayoyin sun babbake, warin ƙonanniyar roba ya cika wurin. Gawar na kwance dab da ƙofar direba, an rufa mata tamfol. Mutane sun yi cirko-cirko daga nesa, babu mai ɗaga murya.

Insfekta ya ɗaga kai. Doguwar eriya ce ta ƙarfe tsaye a kan rufin motar, tsininta ya narke ya manne da wayar wuta.

Wani ma'aikacin kamfanin wuta ya matso. "Mun kashe layin, ranka ya daɗe. Kwana huɗu ke nan da tirela ta bugi falwayar can, ta karkace, wayar ta sauko. Amma ko a haka, mita huɗu ne tsakaninta da ƙasa. Motoci irin wannan suna ta wucewa."

"Wa ya kira ku yau?"

"Wancan kafintan."

"Kafin shi fa?"

"Babu kowa."

Kafintan dattijo ne. Ya ce yana cikin goge ƙofa ya ji ƙara kamar an fasa dutse.

"Na ɗago na ga tartsatsi a saman motar. Direban bai ruɗe ba, wallahi. Yana zaune yana ɗaga mana hannu, yana cewa kowa ya ja baya, kada a taɓa motar."

"To me ya fito da shi?"

"Ƙaramar oba-oba ya ɗauko, rediyon magana irin ta hannu, ya yi magana a ciki. Gilashi a buɗe yake, na ji amsar da kunnena. Muryar namiji ce. Cewa aka yi, 'An kashe wutar, ka fito.' Har sau biyu."

"Ka tabbata?"

"Ƙarya zan yi wa gawa? Ya buɗe ƙofa, hannunsa na riƙe da ita, ya sa ƙafa a ƙasa." Kafintan ya kau da kai. "Ko ihu bai samu ya yi ba."

Insfekta ya dubi Kofur. Ta riga ta rubuta.

Kamfanin motocin ɗan ƙarami ne: fili mai katanga, rumfar motoci biyar, ofis, da ɗakin rediyo mai taga ɗaya. Manajan ya tare su a bakin ƙofa, idanunsa jajur.

"Sannu-Sannu muke ce wa marigayin," in ji shi. "Shekara goma sha ɗaya yana ja mana mota, ko kaza bai taɓa takawa ba."

"Wa ya tura shi layin masu katako?"

"Sai dai a tambayi Kwantirola. Shi ke tura motoci."

Kwantirola na zaune gaban na'urar, matashi mai tsafta, rigarsa a goge. Ya miƙe da ladabi.

"Ni ban tura shi ba, Yallaɓai. Ya fita shan mai ne. Wataƙila yanke ya yi."

"Ya kira ka bayan wayar ta taɓa motar?"

"Ko ɗaya. Ga littafin kira, ka duba."

Shafin ranar babu komai a kan mota ta uku.

"Akwai wanda ya ji an yi masa magana ta oba-oba."

"To, iska ce, Yallaɓai. Kowa yana iya shiga tashar."

Manaja ya yi gyaran murya. "In har da mai laifi, wanda ya kafa eriyar ne. Jiya-jiyan nan Injiniya ya sa wa motar sabuwar rediyo. Wa zai ɗora ƙarfe mai tsawon mashi a kan mota in yana da hankali?"

"Kai ka ga lokacin da ya ɗora?"

"Ina ofis."

"Oba-obar da ke kan teburinka fa? A kunne take da safe?"

Manaja ya kalli na'urar ta ƙofar ofis kamar yau ya fara ganinta. "Batirinta ya mutu tun jiya."

Insfekta bai ja maganar ba. Ya ɗauki littafin kiran ya miƙa wa Kofur.

"Za mu ɗan ara."

Kwantirola ya bi littafin da ido har aka fita da shi.

Da azahar an jawo motar zuwa harabar ofishin 'yan sanda. Aka kawo Injiniya, siririn mutum mai tabarau, jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Yana ganin abin da ke kan rufin ya tsaya cak.

"Wannan ba aikina ba ne."

"Kowa haka yake cewa," in ji Insfekta.

"Mijin yayata ne ya mutu, Yallaɓai. A gidansa na tashi. Shi ya kai ni koyon sana'ar nan." Ya cire tabaran ya goge da gefen riga. "A buɗe motar, a duba gaban sitiyari."

Kofur ta leƙa. Wata 'yar takarda ce manne, an rubuta da alƙalami mai kauri: Tsawon mota har tsinin eriya, mita uku. In waya ta taɓa mota, kada ka fito.

"Kowace mota na sa wa eriya sai na manna wannan," in ji Injiniya. "In na gama, tef nake sawa in auna daga ƙasa har tsini. Ba na yarda da kallon ido. Wadda na sa jiya gajeriya ce, ba ta fi kamu biyu ba, da sifirin a gindinta don in ta bugi reshe ta lanƙwashe."

Kofur ta auna daga ƙasa har tsinin wadda ke kan motar. "Mita huɗu da rabi, Yallaɓai."

Aka kawo tsani. Insfekta ya hau, Injiniya ya biyo shi. Rufin na da zafi kamar an ɗora shi a wuta.

"Ga aikina nan," ya nuna. "Tsakiyar rufi na huda, nesa da kan direba. Na kankare fenti ta ciki don ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Na sa robar hana ruwa. Wayar na bi da ita ta cikin silin, ban bari ta gogi kaifi ba, na sa fiyus kusa da batir. In na ɗaure noti kuma, sai in ja masa jan fenti daga sama har gindi, don in ya motsa in sani."

Insfekta ya duƙa. Jan layin ya rabu biyu, rabi nan rabi can. Gefen notin duk ya ciccije.

"Haƙoran filaya ne," in ji Injiniya. "Ni da sifana nake aiki. Wanda ya yi wannan ba ma'aikaci ba ne."

"Mutumin da ake kira Sannu-Sannu zai shiga mota bai ga wannan zungureren abu a kanta ba?"

Injiniya ya duƙa. Yana kallon ƙarfen da ke bayan rufin. Ya sa yatsa ya ɗago wani guntun zare, baƙi, siriri, irin na ɗinki. Ɗaya guntun na rataye kusa da tsinin eriyar.

"An kwantar da ita aka ɗaure," ya faɗa a hankali. "Daga ƙasa ba za ka ganta ba. Zaren zai riƙe a kan kwalta. Amma da an faɗa rami biyu uku…"

"Sai ta miƙe."

"Sai ta miƙe, Yallaɓai."

Insfekta ya nuna doguwar eriyar.

"Ina ake samun irinta?"

"An daina yayinta. Guda ɗaya na sani, tana kan tsohuwar motar da aka jingine a bayan kamfanin."

"Wa ya san da ita?"

"Duk wanda ke aiki a wurin."

"Har da kai."

"Har da ni," in ji Injiniya, bai kau da ido ba.

Gidan marigayin ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida. Takalman aikinsa na biyu suna nan a bakin ƙofa, a goge. Matarsa ta karɓe su a ɗakin ciki, muryarta ta dishe.

"Ƙanena kuke zargi? Yaron da ya goya a bayansa?"

"Ba mu zargi kowa ba tukuna," in ji Kofur a tausashe. "Kwanan nan akwai abin da ke damunsa?"

Matar ta dubi gadon. Sannan ta miƙe, ta ɗaga katifa ta zaro ambulan.

Takarda ce daga kwamitin bincike na hukumar lafiya. Ana gayyatar direban mota ta uku ya ba da shaida ranar Litinin.

"Wata biyu da suka wuce wani magini ya faɗo daga bene," in ji ta. "'Yan uwansa suka yi ta kiran kamfanin, ba a ɗauka ba. Kafin a samo wata motar ya cika. Kamfani ya ce na'urorinsu ne suka lalace. Shi ya sa ma aka sayo sababbi."

"Ba haka aka yi ba?"

"Baban yara ya shiga ɗakin rediyon a ranar, neman makulli. Ya tarar waya na ta kuka, Kwantirola ya toshe kunnuwa yana kallon ƙwallo a wayarsa." Ta share ido da gefen mayafi. "Na ce masa, Baban yara, ba ruwanka, ka yi shiru. Ya ce shi ba zai rantse a kan ƙarya ba, marayun maginin huɗu ne."

"Kwantirola ya san zai faɗa?"

"Shi da bakinsa ya gaya masa. Ya ce gara ya ji daga gare shi, kada ya ce an yi masa yankan baya. Manaja ma ya zo nan har sau biyu yana roƙo."

"Me ya haɗa Manaja da wannan?"

Ta ɗago ta dubi Insfekta. "Ba ku sani ba? Ai ɗan yayarsa ne. Shi ya ɗauke shi aikin."

A mota Kofur ta buɗe littafin kiran a kan cinyarta, tana bin shafukan baya da yatsa. Can ta tsaya.

"Yallaɓai, duba nan. Kwana huɗu da suka wuce."

Insfekta ya taka birki ya karɓa. Rubutu ne mai kyau, a jere: Mota ta biyu ta ba da rahoto, wayar wuta ta sauko a layin masu katako. A ƙasa ga sa hannun Kwantirola.

"Ya sanar da sauran direbobi?"

"Babu inda aka rubuta haka."

"Ya ajiye wa kansa ke nan," in ji Insfekta, ya juya kan motar.

La'asar ta yi lokacin da suka koma kamfanin. Ba su shiga ofis ba, suka zagaya baya. Tsohuwar motar na nan cikin ciyawa, babu tayoyi, tsatsa ta cinye ta. A kan rufinta gindin eriya ne kawai. Duk jikinsa tsatsa ne, amma inda aka kwance notin sai ƙyalli yake. Ga tsani a jingine da katanga, ƙafafunsa sun bar sawu biyu a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Manaja ya fito ya same su. Ya dubi rufin, ya dubi tsanin, fuskarsa ta sauya.

Insfekta ya wuce shi ya shiga ofis, ya ɗauki oba-obar kan teburin ya murɗa. Ta yi tsuwa, koriyar fitila ta kama.

"Batirin ya tashi daga matattu."

"Na… na sa mata caji."

"Zauna."

Manaja ya zauna.

"Akwai mutumin da ke zaune a ofishina tun azahar," in ji Insfekta. "Mijin yayarsa ya mutu, kai kuma ka nuna shi da yatsa. In na rubuta abin da ka faɗa da safe, gobe yana gaban alƙali. Ka yarda in rubuta?"

Fankar silin na ta juyawa.

"Ko ka ji abin da aka faɗa ta oba-obar nan, ko ba ka ji ba. Amsa ɗaya nake so."

Manaja ya rufe fuska da tafin hannu. Da ya yi magana, da ƙyar ake jin sa.

"Ina hanya a mota, oba-obar tana kan kujerar gefe. Na ji Kwantirola ya ce wa Sannu-Sannu ya murɗa rediyonsa ya koma tasha ta biyu. Ba a amfani da ita, shi ya sa na murɗa ni ma. Ya ce akwai mai naƙuda a ƙarshen layin masu katako, babban titi ya cushe, ya yi sauri. Bayan minti goma na ji Sannu-Sannu yana cewa waya ta kama shi, a kira 'yan wuta. Sai na ji yaron nan ya ce an kashe."

"Kai kuma ka yi shiru."

"Na ɗauka ya kira su ne! Wallahi na ɗauka ya kira su. Sai da na iso na ga littafin babu komai." Hawaye ya gangaro masa. "Yallaɓai, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Uwarsa ce ta raine ni."

"Za ka maimaita wannan a rubuce. Kai ma akwai taka amsar a gaba."

Kwantirola na tattara jakarsa lokacin da suka shiga ɗakin rediyon. Kofur ta tsaya a bakin ƙofa. Insfekta ya jawo kujera ya zauna, ya shimfiɗa littafin kiran a buɗe, ya ɗora guntun baƙin zaren a kai.

"Rubutunka ne?"

"Eh, Yallaɓai. Mantawa na yi ban sanar ba."

"Jiya da yamma, bayan Injiniya ya tafi, wa ya rage a filin nan?"

"Ban lura ba."

"Buɗe wannan durowar."

Ya yi jinkiri. Kofur ta matso ta jawo ta da kanta. A ciki akwai filaya, da ƙullin baƙin zare. Can ƙasa, naɗe cikin tsohuwar jarida, ga wata gajeriyar eriya sabuwa fil, da sifirin a gindinta.

"Ka yi niyyar mayar da ita, ko?" in ji Insfekta. "Sai muka riga ka ɗauke motar."

"Wani ne ya ajiye min. Ɗakin nan kowa na shiga."

"Tasha ta biyu ma kowa ke shiga? Kawunka ya ji ka."

Kwantirola ya juya. Manaja na tsaye a bayan Kofur, kansa a ƙasa.

"Kawu?"

Manaja bai ɗago ba.

Matashin ya koma ya zauna a hankali. Ya daɗe yana kallon na'urar da ke gabansa. Da ya buɗe baki, muryarsa ba ta rawa ko kaɗan.

"Na roƙe shi. Har ƙasa na durƙusa masa a bayan rumfa. Na ce aikina zai tafi, kotu za a kai ni. Ya ce in je in faɗa da kaina, zai raka ni. Raka ni!" Ya yi wata 'yar dariya. "Da farko tsoro kawai na so in ba shi. Na ce in motar ta ƙone a hannunsa, a hanyar da ba a aike shi ba, wa zai saurari shaidarsa?"

"Amma bai mutu ba da wayar ta taɓa."

"A'a."

"Yana zaune lafiya a ciki. Ya kira ka."

"Ya kira ni."

"Me ya ce?"

Kwantirola ya lumshe ido. "Ya ce, 'Ƙanena, taimake ni, kira 'yan wuta.' Na ɗora hannu a kan wayar, Yallaɓai. Na ɗora. Sai na tuna Litinin."

"Sai ka ce masa ya fito."

"Ya tambaye ni, 'Ka tabbata?' Na ce eh."

A waje wani direba ya kashe injin motarsa.

Insfekta ya miƙe. "Na kama ka bisa zargin kisan kai da gangan. Kofur."

Ankwar ta yi ƙara a wuyan hannunsa. Suka fito da shi. Direbobin sun taru a ƙarƙashin rumfa, babu wanda ya zage shi, babu wanda ya matso. Suka dare suka ba da hanya.

A bakin motar 'yan sanda ya tirje, ya waiwaya.

"Kawu, don Allah kada Inna ta ji."

Manaja ya ɗago a karon farko. Ya dube shi tun daga kai har ƙafa.

"Da bakina zan gaya mata," ya ce. "Daga can kuma in wuce gidan mutumin da ka kashe."

Kofur ta dafa kan matashin ta tura shi ciki, ta rufe ƙofa.